Ginin lakwal da ajin lise: wa ke sa ido?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na Madawa, Buza da Keita, ga wata magana da ta shafi kowane gida. Maganar ɗakin da ɗiyanmu suke zama su yi karatu ce.

Kowa ya san yadda abin yake cikin ƙauyukanmu. Gwamnati tana buɗe lakwal cikin watan Oktoba. Amma garuruwa da yawa ba su da aji na gini. Wani wuri akwai ɗaya ko biyu, sauran duk rumfa ce ta kara da zana. To, a farkon Oktoba kara yana gona, ba a gama girbi ba. Sai mushe ya zo ya zauna jira. Sai an kai hatsi rumbu, an sare kara, sannan iyaye su taru su kafa rumfa. Wani gari sai Nuwamba, wani har Disamba. In bazara ta yi nisa, hadarin farko ya taso daga gabas, iska ta kwashe rumfar, karatu ya ƙare tun lokaci bai yi ba. Shekarar karatu wata 9 ce bisa takarda. Yaron da ke cikin rumfa ba ya samun su cikakku. Ga ƙura lokacin ɗari, ga awaki da jakkai suna cin zana da dare.

Ba asarar karatu kaɗai ba ce. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta kama ajujuwan zana a unguwar Peyiba ta birnin Yamai, yara wajen 20 sunka rasu, mafi yawansu ƙanana ƙwarai. Ranar 8 ga Nuwamba na wannan shekara wata gobarar ta tashi cikin wata lakwal ta Maraɗi, yara 25 ko fiye sunka rasa rayukansu. Allah ya jiƙan su. Bayan wannan gwamnati ta hana a sa ƙananan yara na ajin renon yara cikin rumfa. A shekarar nan ta 2021 hukumomi sun ce ajujuwan zana da ke cikin ƙasa duka sun kai kamar dubu 36. Aiki ne babba, ba na shekara guda ba.

Aikin wa ne?

Tsofaffi sun tuna lokacin da Madawa, Buza da Keita suke hannun sufurfe. In ana son aji, wurinsa ake zuwa, shi kuma ya rubuta Tawa, Tawa ta rubuta Yamai. Abin ya sake. Ranar 24 ga Yuli 2004 anka yi zaɓen majalisun komin, jama'a sunka zaɓi kansiloli, kansiloli sunka zaɓi magajin gari. A shekarar 2011 anka kafa majalisar jiha ta zaɓe.

Gundumar Madawa tana da komin 6: Madawa, Azarori, Bangi, Galma, Urno da Sabon Gida. Buza tana da 7: Buza, Allakai, Babban Katami, Dewule, Karofan, Tabotaki da Tama. Keita tana da 4: Keita, Garhanga, Ibohaman da Tamaske. Duka 17 ke nan. Kowane ƙauye, kowace rugga, kowace tunga tana cikin ɗaya daga cikinsu.

Cikin watan Janairu na 2016 gwamnati ta fidda dokoki biyu, ta miƙa wa komin da jiha wasu ayyuka na ilimi, lafiya, ruwa da kiyaye daji. Ku riƙe wannan rabo da kyau, don mutane da yawa suna ɓata tafiya wurin da ba shi ba ne. Gina lakwal ta firamare, gyara ta, sa mata tebur da benci, da ajin yaƙi da jahilci, aikin komin ne. Kwaleji da lise an bar su ga jiha. Tsarin karatu da jarrabawa suna nan hannun gwamnati ta Yamai.

Gaskiya dai, aikin ya riga kuɗɗin isowa. Komin ta ƙauye ba ta da wata rijiyar kuɗɗi sai harajin jama'a da kuɗɗin kasuwa, sai abin da gwamnati da masu taimako sunka turo. Akwai wata hukuma a Yamai da ake kira ANFICT, ta hanyarta ake aiko wa komin wani kashi na kuɗɗin gine-gine. Amma komin da mutanenta ba su biyan haraji, ko suna biya ba su karɓar takardar shaida, ba ta iya ko sayen ƙofar aji. Wanda ya biya harajinsa ya karɓi takarda, shi ke da bakin tambaya.

Ranar 4 ga Afrilu 2024 hukumomin mulkin soja na Janar Abdurahaman Tiani sunka rushe majalisun komin, na birane da na jihohi. Anka naɗa kantomomi su riƙe komin. Wannan ya sa wasu suna cewa tun da ba kansila, ba wanda za a kai wa kuka. Ba haka ba ne. Komin tana nan, ma'aikatanta suna nan, harajinta ana karɓa, aikin gina aji bai fita daga wuyanta ba. Abin da ya ragu shi ne mutumin ƙauyenku da ke zama cikin majalisa yana ɗaga hannu. Da, kansiloli ke duba lissafin magajin gari. Yanzu da ba su, idon iyaye ya kamata ya ƙara buɗewa. Kantoma sau da yawa baƙo ne a wurin. Bai san ajin da rufinsa ke yoyo ba sai an gaya masa.

Kwamitin lakwal, a Tawa ya fara ƙarfi

Iyaye suna da wurin magana, kuma ba sabon abu ba ne gare mu. A shekarar 2004, cikin jihar Tawa anka fara wani shiri da taimakon ƙasar Japan, mai suna Lakwal Don Kowa. Abin da shirin ya kawo mai sauƙi ne. A tara gari duka, maza da mata, a zaɓi ƴan kwamitin lakwal da ƙuri'ar ɓoye, ba naɗin mai gari ko na mai kuɗɗi ba. Sannan a zauna a faɗi matsalolin lakwal, a zaɓi waɗanda gari zai iya, a rubuta wa zai kawo me, a dawo a ba jama'a lissafi. Da anka ga amfaninsa, a 2007 anka baza shi cikin ƙasa duka, har wasu ƙasashen Afirka sunka ɗauka. Da ana kiran kwamitin COGES, daga baya na firamare ya koma CGDES. Cikinsa akwai wakilan iyaye, wakiliyar uwaye mata, darektan lakwal da wakilin malamai. Kwamitocin komin guda kuma suna da tarayyarsu, wadda ke iya zuwa gaban hukuma da murya ɗaya.

Sai dai a wurare da dama kwamitin ya yi barci. An zaɓi mutane tun shekaru, ba a sake zaɓe ba. Shugaba ya tafi bida Kurmi ko Libiya, ma'aji ya tsufa, littafin lissafi yana cikin akwatin darekta, ba wanda ya taɓa buɗe shi. Aikin kwamitin ya zama ɗaya tak: tara kara bayan girbi. Kwamitin da ba ya kiran taron gari, sunansa kawai ya rage.

Ku da kunka shiga ajin yaƙi da jahilci, kunka iya karatu da lissafi, nan ake bukatar ku. Mutum guda da ya iya rubuta kwanan wata da yawan buhun siminti cikin kaye, ya fi mutum goma masu cewa "mun ji an ce".

In an zo gini

Ga yadda aikin ke tafiya. Komin ta sa ginin aji cikin kasafin kuɗɗinta. Ta yi shela, ƴan kwangila su kawo farashinsu, a zaɓi ɗaya, a sa hannu bisa takarda. Takardar nan tana faɗin girman ɗaki, irin bulo, irin ƙarfe, irin kwano, da watannin da za a gama. Akwai ma'aikacin hukuma mai duba gini. Amma shi yana gari, mota ko babur ba kullum ba, wuraren aiki kuma da yawa. Ya zo yau, ba ya komowa sai bayan kwanaki. Tsakanin zuwansa biyu ake zuba tushe, a rufe da ƙasa. Abin da ƙasa ta rufe, wa zai gani in ba mutanen gari ba?

Saboda haka tun ranar da anka auna fili, kwamiti ya nemi a karanta masa abin da ke cikin takarda, da Hausa ko da Tamajek ko da Fulatanci. Ba rashin kunya ba ne. Kuɗɗin jama'a ne, ɗiyan jama'a za su zauna ciki.

Ɗakin aji da anka saba ginawa yana da kamar mita 9 na tsawo da 7 na faɗi. Igiya da mita sun isa a gane ko an rage. A duba zurfin ramin tushe kafin a zuba kankare. Ƙasarmu ba ɗaya ba ce: bisa dutsin Adar tushe yana samun wurin zama, amma cikin kwarin Majiya ko na Tarka laka tana kumbura da damina, ta tsage da rani, ta tsaga bango. Kada a yarda a kafa aji bakin korama ko hanyar ruwa don kawai filin na banza ne.

Siminti ba shi da nisa da mu, ga masana'anta nan Malbaza. Buhu guda kilo 50 ne. A ƙirga buhunan da sunka shigo, a rubuta. A ga inda ake ajiye su, a san mai mabuɗi. In ana buga bulo, a tsaya a gani. Yashi ya zama mai tsabta, ba mai haɗe da laka ba. Bulon siminti yana son a riƙa ba shi ruwa kwanaki kafin a ɗora shi. To ruwa a ƙasar Buza da Keita abu ne mai wuya, shi ya sa wani magini yake tsallake wannan. In ka murza bulo da yatsa ya zube kamar ƙuli-ƙuli, ba bulo ba ne. Nan gari yana iya taimako: a raba kwanaki, masu amalanke su kawo ruwa, a toshe wa ɗan kwangila hanyar uzuri.

Sai rufi. Mafi yawan ajujuwan da muke gani a buɗe kamar kwando, ba bango ne ya faɗi ba, iska ce ta yaye kwano. Ƙarfen rufi sai an ɗaure shi cikin kankaren saman bango, ba a ɗora shi kawai ba. Kwano mai laushi kamar gwangwanin madara ba ya shekara biyu. A duba ƙofa da tagogi, su buɗe su rufe. Tagogi su dubi kudu da arewa, don kada rana ta shiga idon yara safe da marece. Allo ya zama mai santsi wanda alli ke kamawa.

In an gama, akwai karɓar aiki ta farko. Bayan kamar shekara guda akwai karɓa ta ƙarshe. Tsakaninsu ana riƙe wani kashi na kuɗɗin ɗan kwangila, don in wani abu ya ɓaci ya dawo ya gyara. Mutane da yawa ba su san wannan ba. Sai bango ya tsage tun damina ta farko, gari ya yi shiru, shekara ta cika, a biya mutum sauran kuɗɗinsa ya yi gaba. In kun ga tsaga ko yoyo, ku rubuta, ku kai wa darekta da komin tun shekarar ba ta cika ba. Kuma kada wakilin gari ya sa hannu ko ya dangwala yatsa bisa takardar da ba a karanta masa ba.

Ba duk ɗan kwangila ne macuci ba. Akwai masu tsoron Allah, akwai kuma waɗanda ake jinkirta wa biya har aikinsu ya tsaya. Mai aikin kirki ba ya ƙin a duba shi.

Ɗaki kaɗai bai isa a ce lakwal ta zama ta zamani ba. Lakwal da ba ta da makewayi na ɗiya mata daban, ƴan mata suna barin ta da zarar sun fara girma. Ruwan sha, shinge, da itatuwa don inuwa da tare iska, su ma cikin aikin suke. Mutanen da sunka dasa layukan dogon yaro cikin Majiya tun 1975, da matan da sunka ɗauki duwatsu bisa kai cikin babban aikin Keita da anka fara a 1984 da taimakon Italiya, ba sai an koya musu aikin gayya ba. Shi wannan aiki na Keita, ban da gyaran ƙasa da madatsun ruwa, ya gina lakwal da ɗakunan shan magani cikin ƙauyuka.

Bayan birebe, ina yaro zai nufa?

Karatu hawa uku ne. Firamare shekara 6. Kwaleji shekara 4, a ƙarshe a yi jarrabawar birebe, wadda ake rubutawa BEPC. Sannan lise shekara 3: ajin sagwand, ajin piramiyar da ajin tarminal, a ƙarshe a yi jarrabawar bak. Sai da bak ake shiga jami'a. Jami'a kuwa yanzu tana nan Tawa, mai sunan Djibo Hamani, malamin da ya rubuta tarihin Adar. Likita, injiniyan noma, likitan dabbobi, alƙali, duk ta ƙofar nan ta bak suke bi.

Kwaleji ya yaɗu cikin ƙauyuka, mun gode Allah. Amma ajin lise ya fi yawa cikin manyan garuruwa. Ɗan manomi da ya ci birebe sai ya bar gida, ya nufi Madawa, Buza, Keita ko Tawa. Nan wahalar take. Uba ya nemi mai masauki, ya kai buhun hatsi. In an yi sa'a mai masauki ya riƙe yaro kamar ɗansa. In ba a yi ba, yaro ya zama ɗan aike da mai ɗibar ruwa, ya kwana zaure ba fitila, ya tafi aji ba kalaci. Wata uku, wata huɗu, sai ya ga abokansa sun dawo daga bida da salula da babur. Sai a ji ya bi mota. Shekara goma na karatu sun tafi.

Ta ɗiya mace ta fi wuya. Iyaye da yawa ba su yarda su aika budurwa gidan da ba su sani ba, kuma ba a ce ba su da hujja. Sai a yi mata aure. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fidda doka ta kare ɗiya mace mai karatu, don ta ci gaba. A 2021 gwamnatin wancan lokaci ta buɗe gidan kwana na ƴan mata ƴan kwaleji a Kelle, cikin jihar Damagaram, da niyyar yin irinsa a wasu wurare. Dabara ce mai kyau. Amma gidan kwana yana son abinci kullum da mace amintatta mai kula, ba gini kaɗai ba.

Ɗiyan makiyaya kuma, na Abzinawan Azarori da Galma ko na Fulanin kwarin Tarka, tasu matsalar tun daga firamare take. In gida ya tashi da dabbobi, yaro ba ya zama sai in lakwal tana da kantin mai ba da abinci. Kaɗan ne daga cikinsu ke kai birebe, balle bak. Hardo da shugabannin ƙungiyoyin makiyaya su riƙa zuwa taron lakwal, kada a yanke magana ba su nan.

Akwai hanyar kawo lise kusa. Ba sai an gina sabuwar makaranta ba. Ana iya buɗe ajin sagwand cikin kwalejin da ke akwai, shekara ta gaba a ƙara piramiyar, sannan tarminal. Kwalejin da ya haɗa duka biyun shi ake kira CES. Sai dai mu faɗa wa juna gaskiya: ba kowane gari zai samu ba. A firamare mushe guda yana riƙe aji. A lise kowane fanni da malaminsa: lissafi, kimiyya, ilimin halittu, falsafa, Faransanci, tarihi. In an buɗe aji ba malaman lissafi da kimiyya, sai sashen adabi kaɗai ya tsaya, wanda ake kira A. Mai son likita ko noma yana bukatar sashen D ko C, dole ya sake tafiya. Ajin tarminal da ba malami, yaudarar yara ce.

Wani abin kuma, in ana ɗokin a samu aji, iyaye sukan ce za mu kafa rumfa kafin a yi gini. Hukuma ta yarda, a buɗe. Shekaru su wuce, rumfar tana nan, samari masu gemu suna zaune bisa bulo suna shirin bak. In za a yi alkawarin gini, a rubuta shi, a san wa zai biya da wace shekara.

Abin da ke sa a saurari gari shi ne lissafi. Yara nawa sunka ci birebe bana, bara da bara waccan, cikin kwalejinku da na maƙwabta? Nawa sunka tafi lise, nawa sunka dawo gida? Mata nawa? Kilomita nawa zuwa lise mafi kusa? Darektan kwaleji yana da waɗannan lambobi. Garuruwa uku ko huɗu da sunka haɗa kai bisa wuri guda sun fi samun amsa bisa garin da ya tafi shi kaɗai, ko garuruwan da ke jayayya kowa na cewa sai a ƙofarsa. Takardar roƙo ta bi ta wurin mai kula da makarantun sakandare na gunduma, da kantoma, da perfe, har ta kai Tawa. A riƙe kwafi guda a gari.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Komin tana shirya kasafin kuɗɗin shekara mai zuwa cikin watannin ƙarshe na shekara, wato daidai bayan girbi. Abin da bai shiga ciki ba sai ya jira wata shekara. Saboda haka taron gari na farkon karatu, a yi shi tun Oktoba, kafin masu tafiya bida su tashi, kafin masu albasa su duƙufa cikin garka. A ƙirga ajujuwan gini, na laka da na zana, da waɗanda rufinsu ya yaye, da tebur nawa sunka karye. A rubuta, shugaban kwamiti da darekta su sa hannu, a kai ofishin komin, a tambayi ranar da za a komo jin amsa.